Hanyar Illela da Tarihin Miƙa Saƙo Hannu zuwa Hannu

A jihar Oregon ta Amurka akwai wani tsere da ake yi kusan duk shekara tun 1982, sunansa Hood to Coast. Mutum 12 ke haɗa ƙungiya guda, galibi abokan aiki ko waɗanda suka saba haɗuwa a gidan motsa jiki, su kasa tafiyar kusan kilomita 320 gida 36, daga kan dutsen Hood har bakin teku. Kowa zai yi gudu sau uku, sauran suna biye a mota, kuma ba makawa sai dare ya riski wasu a hanya da 'yar fitila ɗaure a goshi. Japanawa sun riga su da daɗewa: a 1917 suka yi irin wannan tsere daga Kyoto zuwa Tokyo, sama da kilomita 500, zango 23, dare da rana, a kan tsohuwar hanyar da manzannin sarakunansu ke bi. Nan ne asalin abin ya fito fili. Tseren miƙa sanda kwaikwayon aiki ne, aikin isar da saƙo inda ƙafar mutum ɗaya ba za ta kai a kan lokaci ba. Tambayar da ta dace da mai karatun Hausa ita ce ko mu ma mun taɓa yin irin wannan aiki, kuma babu inda ya fi dacewa a yi ta kamar Illela, garin da ke kilomita 80 da ɗoriya arewa da Sakkwato, inda babbar hanyar da ta taso daga Legas take ƙarewa tana kallon Birnin Konni.

Amsar da nake ganin hujjoji suna goyon baya ita ce: mun yi, muna ma kan yi, amma ma'aunin zangonmu daban ne. A fagen wasa, rabon mai gudu yana ƙarewa inda numfashinsa ya ƙare. A wannan hanya kuwa, tun zamanin fatake har zuwa zamanin babur, rabon mutum yana ƙarewa ne inda aka daina saninsa. Wanda fuskarsa ta isa ta buɗe masa ƙofa daga Sakkwato har Kano, shi kaɗai yake kai saƙonsa. Wanda saninsa bai wuce ƙauye uku ba, a ƙauye na uku yake sauke kaya ya miƙa wa wani. Idan an fahimci wannan, za a ga dalilin da ya sa Daular Sakkwato ba ta shahara da jerin 'yan gudun wasiƙa ba, da dalilin da ya sa Illela ta zama garin sauke-in-ɗauka.

Daulolin da suka yi suna a wannan fanni kowa ya san su. Farisawan dā sun jera masaukai 111 a hanyar Susa zuwa Sardis, kowanne da doki da mahayi a shirye. Halifofin Umayyawa da Abbasiyawa suna da baridi, wato tsarin isar da wasiƙa, Sultan Baibars na Masar kuma ya gyara nasa har wasiƙa tana zuwa Dimashƙa daga Alƙahira cikin kwana huɗu. Ibn Batuta ya ga na Indiya a zamanin Muhammad bin Tughluƙ, inda aka girke mutane sau uku a kowane mil, kowa da sanda mai ƙararrawa, da ya ji ƙarar na baya sai ya miƙe ya karɓa ya sheƙa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne baitulmali mai ƙarfi da ke ciyar da mutanen da aikinsu zaman jira ne kawai, da kuma saƙon da yake rufe ruf cikin takarda, wanda mai ɗauke da shi bai san abin da ke ciki ba, ba a kuma buƙatar ya sani. Ƙafa kawai ake so daga gare shi.

Sakkwato ta bi wata hanya. Daula ce da masana tarihi ke kwatanta faɗinta da tafiyar wata huɗu daga gabas zuwa yamma, wata biyu daga arewa zuwa kudu, kuma wasiƙa ce igiyar da ta ɗaure ta. Gidan Waziri, tun daga Gidaɗo ɗan Laima, shi ne cibiyar rubutu da hatimi, kowace masarauta kuma tana da ƙofarta a fada, wato babban da maganarta ke bi ta hannunsa kafin ta kai ga Sarkin Musulmi. Lokacin da Turawan Ingila suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Da yawansu gajeru ne: sallama, addu'a, 'yan layuka kan motsin Nasara ko rikicin sarauta, sai rufewa. A fahimtata, gajartar nan ba ƙarancin magana ba ce. Sauran maganar tana bakin jakada, wanda ya ga fuskar sarkin da ya aiko shi, ya san abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye, kuma za a zaunar da shi a zaure a yi masa tambayoyi. Irin wannan saƙo ba ya miƙuwa a tsakar daji da tsakar dare. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike. In kuwa aiken ya zama dole, to a aiki wanda ya fi kusa da zama kai ɗin. Abin da ake sauya wa jakada a hanya shi ne masauki, abinci, ɗan rakiya, wani lokaci doki. Shi kansa ba a sauya shi.

Ba kuma don an rasa masu gudu ba ne. Duk wanda ya ga zagage a gaban dokin sarki ranar hawa, da bargo a kafaɗa, ya ga ragowar wata sana'a da a dā ake yin ta tsawon yini a ƙasa, doki na sukuwa mutum na gabansa. Tafiyar dare ma ba baƙuwa ba ce. A wancan zamani, tsakanin Zamfara da Sakkwato akwai dajin Gundumi, babu ruwa, ga fargabar harin Gobirawa, don haka ayari ba ya kwana a cikinsa. Hugh Clapperton ya ratsa shi a gurguje a 1824, Heinrich Barth kuma, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa a 1853 sun yi awa 26 suna tafiya ba zango kafin su fita. Wannan ya fi abin da kowane ɗan tseren Oregon ke yi, kuma babu mota a baya ɗauke da ruwan sanyi. Juriyar tana nan. Tsarin miƙawa ne ba a ga amfaninsa ba ga saƙon mulki.

Za a iya cewa: to fatauci fa? Ai zango-zango ake yin sa, kuma gishiri da goro ba mutum ɗaya ke kai su daga tushe zuwa bakin mai ci ba. Wannan gaskiya ne, sai dai in an duba da kyau yana ƙarfafa maganar ne. Madugun da ya ɗauki ayari daga Kano zuwa Gwanja shi ke kai shi har Salaga ya dawo da shi, wata da watanni, domin shi ne ya san sarakunan hanya, ya san nawa ake biyan fito a kowane kogi, su ma sun san shi. Zango wurin hutu ne, ba wurin sauya madugu ba. Inda kaya ke sauya hannu shi ne inda wata duniya ta ƙare wata ta fara. Buzu ya kawo gishirin Bilma ko dabbobin Azbin da Adar zuwa bakin ƙasar Hausa, ya sauka gidan fatoma, dillali ya shiga tsakani, Bahaushe ya karɓa ya yi kudu da su. Raƙumin Buzun bai gaji ba. Harshensa da mutuncinsa ne ba su da ƙarfi gaba da nan. Ƙasar Konni da Gobir da Adar tun fil azal irin wannan baki ce, tsakanin makiyaya da manoma. A nan kusa, a Maratta wajen Galmi, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kuma Degel da Gudu duk a wannan yanki suke. Mutanen lokacin ba su san wani layi tsakanin waɗannan wurare ba.

Miƙa kaya daga ƙauye zuwa ƙauye, irin wanda ya yi kama da tsere sosai, da bulala ya shigo. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga kogin Kwara ta nufi Tafkin Chadi, tana kama mutane su yi mata dako, wanda ya gaza a kashe shi a kama wani a gari na gaba. A watan Mayu na shekarar suka afka wa Birnin Konni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Abin ya kai Faransa da kanta ta tura Kanar Klobb ya bi su, kuma ƙonannun garuruwa ne suka nuna masa hanya, kafin mutanen Voulet su harbe shi a watan Yuli. Bayan an ci ƙasa abin ya zama doka. A ɓangaren Faransa dakon tilas yana cikin aikin da ba a soke ba sai 1946. A ɓangaren Ingila, in Bature zai fita rangadi, dagaci ne zai fito da masu ɗaukar akwatuna da gadon tafiya da bahon wanka, kaya mai nauyin kilo 25 zuwa 30 a kan gammo, su kai bariki na gaba, mutanen can su karɓa. Wasiƙun gwamnati ma haka, a jaka, a kan masu gudu, kafin waya da jirgin ƙasa su rage musu aiki. Jirgin ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, bai kuwa taɓa isa Sakkwato ba, balle Illela. Me ya sa Bature ya zaɓi miƙawa? Domin shi baƙo ne da ba ya da jakadan da zai amince wa, kuma saƙonsa a rufe yake cikin ambulan da harshen da ɗan dako ba ya ji. Ga kuma wani dalili na ƙasa-ƙasa: talakan da aka tilasta, in aka wuce da shi ƙasar dagacinsa, zai yar da kaya ya shige daji, babu mai iya kamo shi. Iyakar ikon dagaci ita ce iyakar zango.

Sai kuma aka ja layi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, Konni kuwa tana ciki. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, suka matsa, aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Chadi. Rijiyoyin sojan Faransa ne suka raba Konni da Sakkwato, ba wani bambanci na jini ko harshe ba. Amma daga ranar nan sai ga haraji biyu, kotu biyu, kuɗi biyu, harshen ofis biyu, a tsakanin garuruwan da mai ƙafa zai bar ɗaya da hantsi ya isa ɗayan kafin azahar. Illela, wadda ke ƙasar Gwadabawa ta Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ta tashi daga garin kan hanya ta zama bakin ƙasa. Girmanta na yau daga nan ya samo tushe.

A dubi yadda buhun albasar Galmi ko bijimin Adar ke isa kudancin Nijeriya. Wani ne zai kawo shi Konni. Wani dabam, da amalanke ko kabu-kabu ko sandar kiwo, zai tsallako da shi zuwa kasuwar Illela ta ranar Lahadi, domin shi ne jami'an ɓangarorin biyu suka saba gani. A kara dillali zai riƙe igiya, ya kama hannun mai saye a ƙarƙashin riga ko ya ja shi gefe, a yi ciniki, a ce Allah ya sa albarka, ya karɓi la'adarsa. Ɗan canji na zaune a kan benci da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan, yana latsa 'yar na'urar lissafi. Ɗan kamasho zai samo mota, 'yan lodi su jera shanu a tirela da yamma, direba ya tashi da dare saboda zafin rana yana kashe dabba, yaran mota a saman katako suna lura da wanda ya durƙusa don kada 'yan'uwansa su tattake shi. A Ibadan ko Legas wani mai gida ne zai karɓa, irin waɗanda Abner Cohen ya yi nazarinsu a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya sayar bashi ga mahautan da Ba'adaren da ya yi kiwon bijimin bai taɓa jin sunansu ba. Hannu shida ko bakwai, ba takardar yarjejeniya ko ɗaya, kuma kowane hannu ya tsaya daidai inda saninsa ya tsaya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ke faruwa idan aka rufe iyakar. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, a Nuwamba kuma kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta haɗa da garin Illela kansa. Sai Disamba 2020 aka buɗe, Illela na cikin ƙofofi huɗu na farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A kowane karo kaya ba su daina tafiya ba. Zangon ne ya gajarce, hannuwa suka ƙaru. Abin da tirela ɗaya ke ɗauka da rana sai ya watse a kan babura masu yawa da dare, jarkoki ɗaure hagu da dama, fitila a kashe, ta burtali da gefen gonakin gero, wannan ya kai wani ƙauye ya ajiye a gidan da aka sani, wancan ya ɗauka kafin asuba. 'Yan fito suna da masu duba musu hanya, kuma kowa yankin da aka haife shi yake bi. Duk hannun da ya taɓa buhu sai ya ci, shi ya sa farashin shinkafa ke hawa tun kafin ta bar ƙaramar hukumar.

A nan mai hankali zai iya tsayar da ni ya ce ana yi wa fasa-ƙwauri kwalliya, ana jera shi da wasan motsa jiki kamar wata bajinta. Ƙorafin yana da nauyi. Hanyar da jarkar fetur ke bi ita ce ƙwaya da makami ke bi, kuma mutanen gabashin Sakkwato da ke kwana da fargabar 'yan bindiga sun fi kowa sanin kuɗin da ake biya. Yaron da ya kife da babur cikin duhu da lita ɗari a bayansa ba lambar yabo yake nema ba, abin cefane yake nema, wanda ya fi cin riba kuma yana kwance a gida. Bayyana yadda abu ke aiki dabam, wanke shi dabam. Abin da tarihin ke nunawa shi ne sarƙar ba ta san halal da haram na kaya ba. Amana ce tsakanin mutum da na gaba da shi, kuma takan yi wa mai albasa aiki kamar yadda take yi wa mai mugun kaya. Gwamnatin da ta rufe ƙofar da ake gani ta tura mai albasa hanyar dare, ta ƙara wa waccan hanya jama'a da masu rufa mata asiri. Akwai kuma masu cewa wayar hannu ta kashe wannan duka. Ta kashe rabinsa, rabin labari: farashin Konni yana isa Illela kafin a ƙifta ido, kuɗi ma ɗan kasuwa kan karɓa a nan ya buga waya a biya a can. Amma wanda ake buga wa wayar sai wanda aka sani, kuma har yau ba a ga bijimin da ya shiga waya ba.

Akwai saƙo guda da tun kafin Bature yake tafiya hannu zuwa hannu cikin dare ɗaya, wanda a kallon farko kamar ya rushe abin da na ce game da Sakkwato, wato labarin ganin wata. Wanda ya gani ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ga hakimi, har fadar Sarkin Musulmi, sannan hukunci ya juyo ta wannan hanya da tambari da harbin bindiga, kuma dole ya isa kafin a wuce lokacin sahur. Ya miƙu ne saboda gajere ne, an gani ko ba a gani ba, kuma saboda fiƙihun Malikiyya ya riga ya tsara wanda ake karɓa daga gare shi: adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Kowane mai karɓa ya san mai ba shi, ya san ko mutum ne da ake kama maganarsa. Yau rediyo da waya sun maye gurbin doki, amma matakan suna nan, kuma suna tsayawa cak a bakin iyaka. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Nijeriya ta yi ranar Laraba 10 ga wata. Mutanen Illela sun san an sha ruwa a Konni tun da safe, wasu ma surukansu ne suka kira su suka yi musu barka da Sallah, amma shaidar da aka karɓa a can ta bi ta majalisar addini ta Yamai, tasu kuwa sai ta fito daga fadar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, don haka mafi yawansu suka cika azumi talatin.